Malamin Gangare Ba Ɗan Aike Ba Ne

Tun daga 1976, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilmin furamare kyauta, babu irin maganin da ba a ɗura wa makarantun ƙasar nan ba. An sake manhaja, an sake wa shirin suna a 1999, an yi tarurruka a otal an watse da alawus. Malamin aji ne kurum ba a cika tambaya ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A ɗauki Gangare ta cikin Jos, unguwar da Hausawa suka daɗe a cikinta. Jami'in da ke zaune a Abuja bai san sanyin Disamba na bisa dutse ba, balle ya san yarinyar da sai ta sayar da ƙosai za ta doshi aji, ko yaron da sai an tashi daga makarantar allo. Malaminsu ya sani, amma sanin yana mutuwa a cikinsa, domin an mai da shi ɗan aike.

Akwai hanyar da masana ke kira binciken gyara aiki, wadda Kurt Lewin ya bayyana a Amurka a 1946, Lawrence Stenhouse kuma ya yi ta kira a Ingila cewa malami ya zama mai binciken ajinsa. Ba ta bukatar digiri. Malami ya ware matsala guda, misali faɗuwa a lissafi. Ya rubuta masu makara har mako huɗu. In ya ga su ne masu faɗuwar, ya nemi iznin hedimasta ya mai da darasin bayan tara, ya sake gwada su, ya kwatanta maki. In bai yi ba ya sake dabara. Kuɗin aikin bai wuce na littafi da biro ba, watakila ma shi ya sa 'yan kwangila ba su ɗokinsa.

Kada a ce abin baƙo ne a Filato. A 2006 aka fara shirin SMASE da taimakon Japan a jihohin Kaduna, Neja da Filato, ana koya wa malaman lissafi da kimiyya su shirya, su aikata, su duba, su gyara. Amma kwas da ke gangarowa daga babban mai horo zuwa ƙarami kamar kunu ne da ake ƙara wa ruwa a kowane zaure. In ba a ba malami lokaci da ikon gwaji a ajinsa ba, takardar shaida kawai zai rataya.

'Yan Arewa mazauna Agege, Sabon Badun da Fatakwal suna aika kuɗin makaranta da na kwanon rufi gida, amma ba su tambayar abin da ake yi ƙarƙashin rufin. Wanda ya je ganin gida ya shiga taron iyaye da malamai, ya nemi a nuna masa littafin da malamin ɗansa ya rubuta abin da ya gwada a zangon nan, da abin da ya fito.