Gayyar Debian Tana Jiran 'Yan Yerwa

'Yan'uwa mazauna Agege da Sabon Ibadan, ku da kuke karo-karo kuna aika kwamfutoci makarantun Maiduguri, ku saurara. Sayen na'ura ba wuya, riƙonta ne aiki.

Akwai tsarin sarrafa kwamfuta mai suna Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993. Aikin gayya ne, kyauta ake ba da shi. Kowace manhaja a cikinsa ƙunshi ce, kowane ƙunshi kuwa da mai kula da shi, watau wanda zai ɗinke ɓaraka, ya sabunta shi in ya tsufa. Ran da ya ajiye, sai a kira ƙunshin maraya, in aka rasa mai ɗauka a kan fitar da shi.

To, ƙamus na gyaran rubutun Hausa ko Kanuri, wa zai ƙunsa ya riƙe in ba 'ya'yanmu ba? Akwai masu ƙwazo a Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ramat, wuta ce ke kashe musu gwiwa. Ba mu manta duhun 2021 ba, da aka karya turakun lantarki. A ganinmu, ƙungiyoyinku su rage sayen na'ura bana, su ɗauki nauyin ɗalibai biyu, da faifan sola da kuɗin intanet.