Hadda Ba Ta Isa Ba a Turanci

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, ni a ganina mun ɗauki Turanci tamkar abin hadda, kuma wannan shi ke kayar da mu. Ina aji uku na haddace littafin Brighter Grammar kusan shafi-shafi. In malam ya tambayi ma'anar suna ko aikatau, kafin ya rufe baki na ɗaga hannu. Amma ran da aka ba mu labari aka ce mu amsa tambayoyi a kansa, sai na yi zuru. Kalmomin duk na san su, abin da ake nufi ne ya ɓace mini. Uku na ci cikin goma.

Yayana da ke Ajingi ya ba ni dabara. Kullum da yamma in karanta shafi ɗaya, in rufe littafi, sa'an nan in mayar wa Inna labarin da Hausa tana tankaɗe. Inna ba ta jin Turanci, amma fa ba ta da sauƙi. "To, don me yaron ya gudu?" In na kasa amsawa, sai in koma littafi.

Ban ce a yar da nahawu ba. Amma WAEC da NECO duka labarin da ba mu taɓa gani ba suke kawowa, kuma in babu kiredit a Turanci, ba Jami'ar Bayero, ba ta Wudil da ke nan kusa da Gaya. Iyayenmu, don Allah ku ba mu rabin sa'a kullum, ku saurare mu, ku yi ta tambayarmu kamar Inna.