RA'AYINMU: Zafi Ba Ya Jin Kirari

Akwai wata tsohuwar al'ada a filayen wasanninmu wadda muke ganin lokaci ya yi da za a tone ta a duba saiwarta, watau ɗaukar jure zafi da ƙishirwa a matsayin ma'aunin jarumtaka. Ɗan wasan da ya nemi ruwa ana tsakiyar atisaye rago ne, wanda ya nemi inuwa ɗan lele ne, wanda kuwa ya yanke jiki ya faɗi sai a yi masa dariya, a ce bai ci tuwo ba. Mu dai ba mu yarda da wannan ba, kuma za mu kawo hujjojinmu.

Jikin ɗan Adam yana aiki ne a kan zafi wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, ba ya kuma son a gusar da shi daga nan da yawa. To, amma tsoka ba ta da tattali. Cikin kashi biyar na ƙarfin da ta ƙona, kimanin ɗaya ne kawai yake zama motsi, sauran huɗun duk zafi ne wanda tilas jiki ya fitar. Yakan yi haka ta tura jini zuwa fata, da kuma fitar da gumi. Duk wanda ya taɓa shan ruwan randa ya san asirin: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randar, shi ne idan ya bushe yake tafiya da zafi, ya bar na ciki da sanyi. Haka gumi yake. Wanda ya bushe a fata shi ne ya yi aiki, wanda ya ɗiga ƙasa kuwa asara ce tsantsa.

Ga inda gizo ke saƙar. Jinin da aka tura fata, shi ne dai wanda tsoka ke jira ya kawo mata iska, ga shi kuma yana raguwa saboda ruwan da gumi ke kwashewa. Taura biyu ba ta taunuwa. Zuciya sai ta ƙara bugu don ta cike giɓi, ƙafafu su yi nauyi, ƙwaƙwalwa ta rage wa mutum sauri ko yana so ko ba ya so. Idan aka yi taurin kai har zafin cikin jiki ya haura digiri 40, hankali kan gushe, hanta da ƙoda su soma lalacewa. Daga nan ba maganar lashe kofi ake yi ba, maganar rai ce.

Duniya ba ta koyi wannan darasi a arha ba. A gudun yada-ƙanin-wani na wasannin Olamfik na 1904 a Sant Luwis ta Amurka, da gangan masu shiri suka ƙuntata ruwan sha a kan hanya, wai don su ga iyakar juriyar jiki. Cikin mutum 32 da suka tashi, 14 ne suka kai ƙarshe. A 1912 a birnin Sitokholm, Francisco Lázaro na ƙasar Fotugal ya faɗi a kan hanya cikin tsananin zafi, kashegari ya cika. An ba da labarin cewa ya shafe jikinsa da kitse, abin da ya toshe wa gumi hanya. A 1984 kuwa a Los Anjalis, duniya ta kalli Gabriela Andersen-Schiess ta Suwizalan tana tangaɗi kamar mai maye a zagayen ƙarshe na filin wasa, bayan ta wuce wurin shan ruwa na ƙarshe ba ta sha ba. Jama'a sun tafa mata, mu ma muna jinjina wa ƙarfin halinta, amma ba ma fata mu ga ɗalibarmu a wannan hali.

Wanda ya fi jan hankalinmu shi ne na Doha a 2019. Don gudun rana, sai da tsakar dare aka tashi gudun mata na gasar duniya, amma duk da haka mata 28 cikin 68 ba su gama ba. Ba rana a sama, me ya kayar da su? Zafi ya haura digiri 30, iska kuma ta cika da laima, gumi ya kasa bushewa. Randa ce aka ajiye a ɗakin da ba iska. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ɗan wasan da ya saba da busasshen zafin Kano ko Sakkwato, inda gumi ke bushewa nan take har mutum bai san yawan ruwan da ya zubar ba, idan aka kwashe shi zuwa Legas ko Fatakwal yau, aka jefa shi fili gobe, wani sabon abokin gaba zai tarar wanda bai san makamarsa ba. Jiki na bukatar kwana goma zuwa sha huɗu kafin ya saba da sabon yanayi: ya riƙa yin gumi da wuri, ya rage zubar da gishiri, ruwan jini ya ƙaru.

Manyan hukumomin wasanni sun riga sun sakko daga dokin girman kai. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Barazil, alƙalin wasa ya tsayar da karawar Holan da Meziko a Fortaleza don 'yan wasa su sha ruwa su huce. An ɗauke gudun yada-ƙanin-wani na Olamfik ɗin Tokiyo zuwa Sapporo da ke arewa, inda aka yi shi a 2021. Gasar kofin duniya ta 2022 a Katar kuwa, ɗungurungum aka mayar da ita watannin Nuwamba da Disamba. Har ila yau, da Eliud Kipchoge na Kenya ya tashi yin kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a 2019, sanyin safiyar Oktoba a birnin Biyana aka zaɓa masa. Idan gwanin gwanaye yana neman sanyi, ina dalilin da za a tsayar da ɗan aji ɗaya a fili da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu?

Kada a ce mana ba kuɗi. Gaskiya ne ƙwararru na sa riguna masu ƙanƙara kafin su shiga fili, amma yawancin abin da ake bukata bai fi ƙarfin kowace makaranta ba: rumfa, tawul da aka jiƙa da ruwan sanyi a ɗora a wuya da kai, niƙaƙƙiyar ƙanƙara a sha kafin wasa, da ruwa a gefen fili wanda ba sai an roƙa ba. Sai dai a kula, ɗura ruwa fiye da kima shi ma yana da nasa haɗari, domin yakan tsarma gishirin jini. A sha gwargwadon ƙishi.

Saboda haka muna kira ga masu tsara wasanni, a makarantu da ma'aikatu baki ɗaya, da su mayar da atisaye da gasa zuwa sassafe ko bayan la'asar sakaliya daga Maris zuwa Mayu, su ba alƙalan wasa ikon tsayar da wasa don shan ruwa, su kuma daina kai ƙungiya wani yanki ana gobe gasa. Abu na ƙarshe, wanda muke so kowane kyaftin ya haddace: ɗan wasan da ya soma sambatu ko tangaɗi cikin zafi, kada a tsaya yi masa fifita ana jiran mota. A cire masa kaya masu nauyi, a tsoma shi cikin ruwan sanyi har wuya, wani na tallafe da kansa, in babu baho a yi ta kwara masa. Likitocin wasanni sun ce a sauko da zafin cikin rabin awa na farko, sa'an nan a nufi asibiti. Baho guda da buhun ƙanƙara biyu ya kamata su riga ƙwallo isa fili.