Tsohuwar Sabar Imel Sakaci Ce, Ba Tsimi Ba

Duk mazaunin Illela ya san zafin rufe iyaka. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 mun gani da idonmu a Darna Sabon Gari: motoci jere, kaya na lalacewa, hukuncin ɗan fasa-ƙwauri ya hau kan mai gaskiya. Irin wannan rufewar ce shugabannin ofisoshinmu ke jawo wa wasiƙunsu da hannunsu.

Kwanan baya wani dillalin kaya a nan ya rasa ciniki, domin takardun da ya aika ƙetare ba su isa ba. Da aka bincika, sai aka tarar tsohuwar sabar imel ta kamfaninsa tana karɓar saƙo daga kowa, tana miƙa wa kowa. 'Yan damfara sun daɗe suna tura wasiƙun shara ta cikinta, har sauran sabobi suka daina karɓar komai daga gare ta.

Cutar tsohuwa ce. An tsara ƙa'idar aika imel, wato SMTP, a 1982, lokacin da masu intanet tsiraru ne da suka yarda da juna. Tun 1998 manhajar Sendmail ta rufe wannan ƙofar. A shekarar ce kuma aka kafa Spamhaus, mai tara adireshin sabobin da ke yaɗa shara domin a guje su. Microsoft ta daina ɗinke ɓarakar Exchange 2013 tun Afrilun 2023. Wanda ke riƙe da ita yau, gida ne ba ƙyaure.

Za a ce, «Ai tana aiki, kuma babu kuɗi.» Tana yi wa wa aiki? Gyaran farko ba ya cin kwabo: a hana ta miƙa saƙon baƙo sai wanda ya shiga da kalmar sirri, a sauya kalmomin da suka yi rauni, a sa hatiman SPF, DKIM da DMARC masu tabbatar da mai aike, waɗanda Gmail da Yahoo suka wajabta wa masu tura saƙo da yawa tun Fabrairun 2024. In babu mai kula da ita, a kashe ta, a kama haya wurin masu kula.

Kada shugaba ya ɗora laifin a kan yaron kwamfuta. Wanda ya ƙi sa hannu a takardar gyara shi ya bar ƙofa buɗe. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.