Mahamadu nawa ne cikin na'ura?

Zancenmu na wannan mako ya taso ne daga wata rumfar shayi ta unguwar Kalley, dab da babbar kasuwar Yamai. A can na tarar da wani dattijo abokin mahaifina, mai fataucin atamfa tsakanin Kano da Yamai, ya baza takardu uku bisa benci yana ta juya su.

Na ce masa: "Baba Alhaji, lafiya kuwa?"

Ya ce: "Ɗana, ina lafiya? Kwana 9 ke nan kuɗina na tsare. Sun ce na'ura ta ga sunana ya yi kama da na wani da ake nema. Ni da ban taɓa kwana a komisariya ba!"

Na duba takardun. A takardar haihuwa an rubuta Mahamadou, a fasfo Mohamed, a rasiɗin abokin cinikinsa na Kano kuwa Muhammadu. Mutum ɗaya, rago ɗaya aka yanka ran suna, amma rubutu uku. Daga baya an sakar masa kuɗinsa, sai dai kayan da ya yi alkawarin biya sun riga sun tafi hannun wani.

Asalin wannan matsala sananne ne. Akawun zamanin mulkin mallaka da kunnen Faransanci ya rubuta sunayenmu, takwaransa na ƙetaren iyaka kuma da kunnen Ingilishi. Shi ya sa Oumarou na Maraɗi ya zama Umaru a Katsina, Djibo ya zama Jibo, Tchiroma ya zama Chiroma. Ga shi kuma yawancinmu ba mu da sunan zuriya tsayayye: sunan mutum ne da na ubansa, wani biro ya sa wannan gaba, wani ya sa wancan. Muddin rajista na hannun magatakarda wanda ya san mutanen garinsa, abin bai cika yin ɓarna ba. Yau kuwa kwamfuta ce ke dubawa, a banki, a filin jirgi, a bakin iyaka. A 2012 aka ƙaddamar da shirin SIPAO, na tattara bayanan ƴan sandan Afirka ta Yamma cikin na'ura, ƙarƙashin Interpol da kuɗin Tarayyar Turai, kuma Nijar na cikin ƙasashen farko da aka soma da su.

Ita kwamfuta, in ba a koya mata ba, harafi take bi. Ka tambaye ta Usman, ba za ta nuna maka Ousmane ba. Don haka masu ƙera manhajar bincike suka sa mata dabaru biyu: neman suna ta amonsa, da neman kalma ta ƴan uwanta masu ma'ana ɗaya.

Dabara ta farko ta girmi kwamfuta. A 1918 wani Ba'amurke, Robert Russell, ya yi rajistar wata hanya da aka sani da Soundex, wadda daga baya aka jera sunayen ƙidayar jama'ar Amurka da ita. Ga yadda take: a riƙe harafin farko na suna, a zubar da wasula da h da w da y, sauran baƙaƙe a ba su lamba bisa kamannin furucinsu. B, f, p, v lambarsu 1, c, g, j, k, q, s, x, z lambarsu 2, d da t 3, l 4, m da n 5, r 6. A ɗauki lamba uku, in ba su cika ba a cike da sifiri.

Na zauna da alƙalami na gwada ta da sunayenmu. Mahamadou, Mamadou, Mohamed da Muhammadu duk sun fito M530. Madalla, ta gane su ɗaya ne. Amma Mamoudou ma M530 ya fito, alhali Mahmudu suna ne daban. Mamane kuwa, wanda kowane yaro a Damagaram ya san Mahamadu ne, ya fito M550, lamba ɗaya da Maïmouna! Ousmane ya zama O255, Usman U255: harafin farko ya raba su, na'ura ba za ta haɗa su ba. Ashe ta haɗa namiji da mace, ta raba mutum da kansa. Dalili shi ne don kunnen Ingilishi aka ƙera ta. An gyara ta daga baya: Lawrence Philips ya fito da Metaphone a 1990, ya ƙara inganta ta a 2000 don ta ɗauki sunayen wasu harsuna. Akwai kuma ma'aunin Levenshtein na 1965, mai ƙirga yawan haruffan da za a canza kafin wannan suna ya koma wancan. Duk da haka, ba ɗaya cikinsu da aka ƙera da ƙ da ɗ da ɓ a zuciya.

Dabara ta biyu ita ce ta fi shafarmu. Babu lissafin amo da zai gaya wa na'ura cewa Garba da Habu da Boubacar duk Abubakar ne, ko Sanda Umaru ne, Iro Ibrahim, Binta Fatsima, Indo A'isha. Babu wanda zai sanar da ita Zinder ita ce Damagaram, Lagos ita ce Ikko. Mai bincike da ya nemi kalmar "cin hanci" cikin dubban saƙonni zai tashi hannu banza, domin masu yin abin "na goro" suke cewa. In ya nemi "5000 F", ba zai ga "jika biyar" ba. Sai mutum ya zauna ya rubuta wa na'ura jeri, ya ce wannan da wannan ɗaya ne. Ingancin binciken kuwa bai wuce ingancin wannan jerin ba.

Kada a ɗauka wasa ne. Kuskuren na da fuska biyu, kowace ta taɓa jawo masifa. A watan Nuwamba 2009, Alhaji Umaru Mutallab, sanannen ma'aikacin banki ɗan Funtuwa, ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya kai rahoton ɗansa Umar Faruk, wanda ya ga ya kauce hanya. Da aka duba na'ura, an yi kuskuren rubuta sunan, sai aka zaci yaron ba shi da bizar Amurka, alhali yana da ita. Ran 25 ga Disamba 2009 ya shiga jirgi daga Amsterdam zuwa Detroit da bam a jikinsa. Allah ya kiyaye bai tashi sosai ba. Rahoton fadar shugaban Amurka na Janairu 2010 ya ambaci wannan kuskure cikin jerin sakacin da aka yi. Nan na'ura ta matse, mai laifi ya wuce.

Ɗaya fuskar kuma ita ce ta Khaled El-Masri, ɗan ƙasar Jamus. Ran 31 ga Disamba 2003 aka kama shi a iyakar Masedoniya, domin sunansa ya yi kama da na wani da ake nema. Aka miƙa shi ga ƴan leƙen asirin Amurka, suka kai shi Afganistan, sai a watan Mayu 2004 aka sake shi. A 2012 kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam ta kama Masedoniya da laifi. Nan kuma kamannin suna ya ci marar laifi. Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.

A ƙasarmu haɗarin fuska ta biyu ya fi yawa. Sunayenmu kaɗan ne, masu su da yawa. Ranar haihuwa, wadda a wasu ƙasashe ita ke raba gardama, a nan ba ta cika rabawa ba, tunda dattawa da yawa "wajen shekara kaza" aka rubuta musu, na'ura kuma ta mai da shi 1 ga Janairu. Ka sassauta bincike, Abdu ɗan Musa haifaffen 1 ga Janairu zai fito maka jere-jere.

Saboda haka ga abin da nake gani. Ƴan kasuwa, ku tara takardunku ku duba: katin ɗan ƙasa, fasfo, takardar banki, rajistar kasuwanci. In rubutun ya saɓa, ku nemi gyara tun ba ku shiga matsi ba, kuma ku aika wa abokin ciniki sunanku a rubuce, kada ku faɗa masa ta waya. Ku sani kuma, tun 2017 Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane, wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman a gyara abin da aka rubuta kansa ba daidai ba.

Ma'aikata ƴan uwana, musamman na rajistar haihuwa, harafi ɗaya da kuka saki da rana tsaka don gajiya, wani zai biya shi bayan shekara 30. Ku kwafi suna yadda yake, ku karanta wa mai shi ya ji.

Hukumomi kuwa, kada a sayo manhaja daga waje a aza bisa sunayenmu ba tare da an gwada ta ba. Muna da masana harsuna a Jami'ar Abdu Mumuni. A zaunar da su da tsofaffin magatakarda su tsara jerin sunaye na Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. A kuma kafa ƙa'ida: abin da na'ura ta fitar zato ne, sai jami'i ya duba sunan uwa, da garin haihuwa, da hoto, da zanen yatsa, kafin a tsare mutum ko dukiyarsa.

Shi Baba Alhaji ya riga ya kai takardunsa kotu neman gyara. Ya ce mini wannan karon da kansa zai karanta kowane harafi kafin ya sa hannu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.