Masanin da ya guje ma makirufo ya bar fili ga mai tallar magani

Duk wanda ya saba kunna rediyo bayan sallar isha'i a Tasawa ko a Mayayi ya san muryoyin da suka mamaye iska. Akwai mai magani wanda kwalba ɗaya tasa ke kashe basir da shawara da ciwon suga gaba ɗaya, akwai mai sanarwar biki da suna, akwai kuma mai yabon manya. Muryar da ba a cika ji ba ita ce ta malamin gona, da likitan dabbobi, da ungozoma, da malamin daji, wato mutanen da ƙasa ta kashe dukiya ta karantar, kuma take biya duk wata domin su amfani talakawa. Iliminsu yana cikin rahotannin da ake rubutawa da Faransanci a aika Maraɗi, daga Maraɗi a wuce da su Yamai, alhali kuwa manomin da aka yi rahoton dominsa bai taɓa jin abin da ke ciki ba.

Wannan shiru ba ƙaramar asara yake jawowa ba, kuma jahar Maraɗi ta ɗanɗana kuɗarta. Daminar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da farin dango, ma'aikatan gona da na kiwo sun ƙididdige giɓin abinci tun bayan girbi, kuma farashin hatsi ya riƙa hawa a kasuwanni wata bayan wata. Duk da haka duniya ba ta motsa sosai ba sai a watan Yuli na 2005, lokacin da talabijin ɗin BBC ya nuna hotunan yara masu tamowa daga Maraɗi. A cikin watan Agusta na shekarar, shugaban ƙasa Tanja Mamadu ya ce babu yunwa a Nijar. Tsakanin kyamarar baƙo da bakin hukuma, muryar masanin gida, wanda ya san bambancin giɓin girbi da tsadar kasuwa da rashin abinci mai gina jikin yaro, ita ce ta fi ƙaranci.

Ga kuma abin da magana ke haifarwa. Ƴan kasuwar da ke tara wake domin kai shi Kano sun daɗe suna fama da ƙwarin da ke huda shi, har wasu suka koma zuba masa guba wadda ke iya halaka mai ci. Daga 2007 aka fara yaɗa buhun PICS, mai rufi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ke toshe iska har ƙwaron ya mutu ba tare da magani ba. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta kawo dabarar, masu bincike na cibiyar INRAN ta Maraɗi, irin su Dokta Ibrahim Bawa, suka gwada ta a ƙasar nan. Amma ba ɗakin bincike ne ya kai buhun ƙauye ba. An yi ta bayani ta rediyo cikin harsunan ƙasa, an ɗaure buhu a gaban jama'a, aka dawo bayan watanni aka kwance shi kowa ya ga waken da idonsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Hanyar ma ba baƙuwa ba ce a Nijar. Tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo a karkara, inda mutane ke taruwa su saurari shiri, su tattauna, a naɗi ra'ayinsu. Jaridar Haske ta buɗe ƙofar jaridu masu zaman kansu a 1990, Babban Taron Ƙasa na 1991 ya tabbatar da ƴancin faɗin albarkacin baki, gidajen rediyo masu zaman kansu suka biyo baya, kuma a 1999 aka buɗe rediyon karkara na farko a Bankilare. Yau rediyon karkara ya isa gundumomi, saƙon murya na WhatsApp kuwa ya isa har inda rediyon bai kai ba. Makirufo ya zo ƙofar gida. Saura mai magana.

Dalilai uku ne masana ke kawowa. Na farko shi ne harshe: wanda ya yi karatunsa kaf da Faransanci yana tsoron ya buɗe baki da Hausa a yi masa dariya. Wannan uzuri ya raunana, domin kuwa kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Bugu da ƙari, manomi yana da sunan kowane abu. Tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi murzuna ce, barin kututturen gawo da kalgo da sabara su tofo a gona kuwa sassaben zamani ne. Masanin da bai san waɗannan sunaye ba, ya je gindin bishiya ya tambaya kafin ya je gidan rediyo.

Na biyu shi ne tsoron na sama, wato ƙa'idar nan da ta hana ma'aikaci yin magana da sunan ma'aikata sai da izini. Ƙa'idar tana da wurinta, amma an yi ta ne domin sirrin gwamnati, ba domin ranar rigakafin dabbobi ko alamomin zazzaɓin cizon sauro ga jariri ba. Na uku shi ne kunya, domin an ce yabon kai jahilci. Gaskiya ne, sai dai wanda ya ga gobara a rumbun maƙwabci ya yi kururuwa ba yabon kansa ya yi ba.

To, masanin da ya yarda ya fito, ta ina zai fara? Ya fara da zuwa da ƙafarsa gidan rediyon garinsa ya gaisa da shugaban shirye-shirye, ya bar lambar wayarsa, ya faɗi abu biyu ko uku da ya ƙware a kansu. Ɗan jarida mutum ne da lokaci ke kora. Wanda ya ɗauki waya shi ake sakawa a labari, wanda ya ce a rubuto masa takarda kuwa an wuce shi ke nan.

Sa'an nan ya san lokacin magana. Bayanin murzuna yana da amfani ne lokacin da hatsi ya fara fidda kai, domin a lokacin ne ake rataye ƙananan buhunan nan masu ɗauke da ɗan ƙwaron da ke kashe tsutsar, dabarar da masu binciken Maraɗi suka yi aiki a kanta. Bayanin ajiyar wake na watan girbi ne. Bayanin sanƙarau na lokacin hunturu da bazara ne. Maganar kare goribar Gulbin Kaba kuwa a yi ta lokacin da masu yankan kaba ke shiga kwari. Wanda ya zo da gaskiya bayan lokacinta ya wuce, ta'aziyya ya zo yi.

Ya kuma shiga da saƙo ɗaya tak, wanda mai sauraro zai iya maimaita ma maƙwabcinsa da safe. Ya auna da ma'aunin mutane: tiya da dami da buhu da jika. Talabijin ya fi rediyo rowar lokaci, sau da yawa daga hirar rabin awa jimla biyu kawai ke fita, saboda haka abin da ya fi muhimmanci shi za a fara faɗi. In kyamara ta zo, ya bar tebur da kujerar ofis ya kai ta gona ko rijiya, ya riƙe zangarniyar da tsutsa ta ci a hannunsa.

Abu mafi wuya shi ne tsayawa a kan iyaka. Da zarar mutum ya yi suna, za a fara kiransa a kan komi, daga farashin taki har siyasar duniya. Ranar da likitan dabbobi ya soma fashin baƙi a kan tsarin mulki, ranar ce ya fara zama irin mai maganin nan na kwalba ɗaya. Cewa "wannan ba fannina ba ne, ga wanda ya sani" tana ƙara ma masani daraja. Haka nan wanda ya karɓi kuɗin mai sayar da taki ko maganin ƙwari domin ya yaba hajarsa ya sayar da abin da ba ya sayuwa karo na biyu.

Nauyin bai tsaya kan masana kaɗai ba. Shugabannin ma'aikatu na Tasawa da Mayayi suna iya ba ma'aikatansu izini na dindindin a rubuce su yi bayani a kan sana'arsu, ba sai an nemi sa hannu kowace hira ba. Gidajen rediyon karkara, waɗanda galibi da kuɗin sanarwa suke rayuwa, ba su iya ba da awa kyauta kullum, shi ya sa mai tallar magani ke cin kasuwarsa: shi yana biya. A nan ne ƴan kasuwa ke da rawar takawa. Attajirin da ke ɗaukar nauyin kokowa ko gasar ƙwallo yana iya ɗaukar nauyin rabin awa a mako ga malamin gona, da sharaɗin ba zai sa masa magana a baki ba. Ribar tana dawo masa, domin manomin da hatsinsa ya tsira shi ne mai sayen atamfa da sukari bayan girbi.

Damina mai zuwa ba ta jiran takardar izini. Kafin hatsi ya fidda kai, ya kamata mutanen Tasawa da na Mayayi su san sunan malamin gonarsu da muryarsa kamar yadda suka san ta mai tallar magani.