Wai Me Ya Sa Mace Kaɗai Ake Kaiwa Asibiti?

Jiya na dawo daga suna a wani ƙauye na ƙasar Gwiwa, kuma tun a mota abin nan yake cin raina. Mai jegon 'yar ƙanwar mahaifiyata ce. Shekara 7 ta yi a gidan mijinta na farko a Roni, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Babu rubutun da ba ta sha ba, babu saiwar da ba a jiƙa mata ba. An kai ta asibiti nan Kazaure, an kai ta Kano, duk inda ta je sai likita ya ce ta zo da mijinta, shi kuma ya ce lafiyarsa ƙalau. Uwar miji har a gaban mutane take ce mata juya. Ƙarshe aka miƙo mata takardarta. Ta yi wani auren, wata 14 sai ga ɗa namiji.

Haihuwa ta Allah ce, babu mai musun wannan. Amma sababin da Ya sanya, a jikin mutum biyu yake. A ƙasan ƙwaƙwalwar kowa akwai wata 'yar halitta, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, ita ke sakin sinadarai biyu da likitoci ke kira FSH da LH. A jikin mace su ne ke sa ƙwai ya nuna ya fito, kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba. A jikin namiji kuma, su ɗin dai ne ke umartar 'ya'yan maraina su yi sinadarin testosteron su kuma ƙera ƙwayoyin haihuwa, aikin da ke ɗaukar sama da wata biyu. To abin da zai iya samun tangarɗa a wajenta, me zai hana shi samu a wajenka?

Inda muke ruɗewa, 'yan uwana maza, muna ɗaukar kuzari a shimfiɗa shi ne shaidar haihuwa. Wallahi ba haka ba ne. Mutum zai iya zama da ƙarfinsa, maniyyi na fita yadda ya saba, amma ƙwayoyin ciki kaɗan ne, ko ba sa motsi, ko ma babu su sam. Hangum da ya kama mutum bayan ya balaga yana iya jawo haka. Ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba yana iya toshe hanya.

Sai kuma abin da ya fi ba ni tsoro: allurar testosteron da wasu ke yi wai don ƙarin ƙarfi. Idan ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya yi yawa a jini, sai ta rage FSH da LH, ƙera ƙwayoyin ya ja baya ko ya tsaya cak. Ka biya kuɗinka ka rufe wa kanka ƙofa, sannan ka dawo gida kana harara matarka. Su kuma kwalaben masu lasifika a kasuwa, wa ya san abin da ke ciki?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023, kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar matsalar haihuwa a rayuwarsa. Likitoci kuma sun daɗe suna faɗin cewa a kusan rabin ma'auratan, akwai hannun namiji a ciki. Gwajinsa kuwa ya fi nata sauƙi nesa ba kusa ba: ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ka ba da maniyyi a 'yar kwalba, shi ke nan. Babu allura, babu tiyata. Wasu matsalolin ma ana maganinsu idan an gano su da wuri.

Tsohon mijin nata ya auri mata biyu bayanta, har yau shiru. A wajen sunan na ji ana cewa an kai kuɗin ta ukun, yarinya 'yar shekara 18.